Makarantar lasisin bindiga da na yi a Ohayo: malamin ya iya aiki, ofishinsu ne ya ci min kuɗi

Salamu alaikum jama'a. Yau kwanana goma sha ɗaya a Kumasi, bikin ƙanwata ya kawo ni, kuma tun ran da na sauka Aboabo babu daren da zan zauna a bes ɗin ataya ba a tado min maganar nan ba, wai boga (haka ake kiran wanda ya dawo daga ƙasar waje), da gaske ne a Amurka kowa da bindigarsa a ƙugu, kai ma kana da taka? Jiya ma wani yaro mai tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya tare ni wajen Akwatia Line, ya ce yaya don Allah wana yana Buronkis a birnin Niyok, yana so ya yi takardar bindigar nan da ke aiki a duk faɗin Amurka, ka haɗa shi da makarantar da ka yi. Na ce masa ɗan'uwa babu wannan takardar, ya kalle ni kamar rowa nake masa. To bakina ya gaji, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Sunan makarantar ba zan faɗa ba, don akwai abin da suka yi min da ban ji daɗinsa ba kuma ba na neman rigima da kowa. Irinsu dai suna nan da yawa a Kolombus da kewaye, wanda ya je ɗaya kamar ya je duka ne.

Ni direban atikuleta ne, shekarata bakwai a Kolombus jihar Ohayo, motar tawa ce ba ta kamfani ba. Da can ko a mafarki ban taɓa tunanin riƙe bindiga ba, mu da muka tashi a zongo wanda ke da ita ko soja ne ko ɗan sanda ko maharbi, in ba haka ba to ka san ko wane ne. Abin da ya canza min ra'ayi wani dare ne da na kwana a wurin fakin manyan motoci, wajen ƙarfe uku ina kwance a gadon baya na ji ana murɗa hannun ƙofa a hankali, sau ɗaya, sau biyu, aka zagaya ɗaya ɓangaren aka sake gwadawa. Abin da ke hannuna tocila ce da sifana. Na danna oda na kunna fitilu mutumin ya gudu, amma har gari ya waye ban runtsa ba, Ayatul Kursiyyu kuwa ban san adadin da na karanta ba.

Wani zai ce ai a Ohayo ba a buƙatar lasisi. Gaskiya ne, tun watan Yuni na 2022 duk wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba yana iya ɓoye fistol a jikinsa ba tare da wata takarda ba, kuma yanzu jihohi sama da rabin hamsin ɗin nan haka suke. Amma ni aikina ƙetare iyaka ne, yau ina nan gobe ina Mishigan jibi Fensilbeniya, su kuma waɗannan biyun sai da takarda. Sannan akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana kusantar makaranta da bindiga tazarar ƙafa 1000, wanda aka ɗaga wa ƙafa shi ne mai lasisin jihar da makarantar take ciki, kuma a cikin gari kai ba ka ma san sau nawa kake gifta makaranta a rana ba. Shi ya sa na ce gara in yi abu a kan ƙa'ida.

Ranar Asabar aka yi karatun, awa takwas kamar yadda dokar Ohayo ta ce, shida a aji biyu a filin harbi da harsashin gaske. Mu goma sha huɗu ne, akwai wata tsohuwa da ta kai sa'ar Mmata, akwai nas guda biyu, ni kaɗai ne ɗan Afirka. Malamin wani dattijon bature ne tsohon soja, yana ɗan ɗingishi, ba ya dariya sosai. Wallahi mutumin nan ya iya koyarwa. Abu na farko da ya yi ya ɗaga wata bindigar roba shuɗiya ya ce daga yanzu har ku mutu duk bindigar da kuka gani akwai harsashi a cikinta, ko da ku kuka zare shi da hannunku. Bakinta ba ya kallon abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba, yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka saita kuma ka yanke shawara, kuma ka san abin da ke bayan wanda kake saitawa don harsashi ba ya tsayawa gaisuwa. Wani saurayi ya juyo zai yi wa abokinsa magana da robar nan a hannu bakinta ya share mu duka, dattijon bai ɗaga murya ba, ya karɓe ta kawai ya ce je ka zauna a baya, in ka sake yau babu satifiket. Ajin ya yi tsit kamar an shiga sallah.

Abin da ya fi burge ni, rabin maganarsa a kan yadda ba za ka harba ba ne. Ya ce wanda ya ɗauki bindiga ya sayar da haƙƙinsa na yin fushi a hanya, in aka zage ka ka haɗiye, in aka sha gabanka da mota ka taka birki ka bar shi ya wuce, don ranar da ka fiddo ta ko da gaskiyarka ce lauya zai cinye motarka da gidanka kafin alƙali ya ce ka tafi. Kaya ba a harbi a kansu, rai ake karewa. Ni da na je da zafin daren nan a zuciyata sai jikina ya yi sanyi.

Da azahar ta yi na ɗan matsa kusa da shi na ce ina son minti biyar, bai tambaye ni komai ba ya buɗe min wani sito cike da kwalayen takardun saiti ya ce nan babu mai damunka. Wannan na riƙe masa shi. Abincin rana kuwa da suka ce yana cikin kuɗin, fiza ce duk da naman alade a kai, na ƙare da dankalin leda da ruwa ina tuna wakyen Hajiya na bakin masallaci. In za ka je ka tafi da naka.

Filin harbin a cikin gini yake, layi layi kamar wurin alwala, kowa da rumfarsa. Aka ba mu abin toshe kunne da tabarau. Harbina na farko hannuna rawa yake kamar mai zazzaɓi, na rufe ido ma ban sani ba, harsashin ya tafi can ƙasan takarda. Na uku kwanson ya yi tsalle ya faɗa min cikin wuyan riga, da zafinsa kamar garwashin mai tsire, na zabura zan juya sai na ji tafin dattijon a kafaɗata ya danne ni, ya ce baki gaba, ajiye ta tukuna sannan ka yi rawarka. Har yau tabon na nan. Ya tsaya a kaina ya gyara min riƙo, babban yatsa kan babban yatsa, ya ce kar ka fizgi kunama, matse ta a hankali kamar kana tatsar lemun tsami har ta ba ka mamaki. Kafin awa biyun su cika harsasaina sun fara taruwa wuri ɗaya kamar faɗin faranti. Aka yi jarabawar rubutu mai sauƙi, aka ba mu satifiket.

Sauran aikin ba na makaranta ba ne, na ofishin sherif ne, shi ne babban ɗan sandan ƙaramar hukuma kuma shi ke ba da lasisin a Ohayo. Ka cike fom, ka kai hoto da satifiket, a ɗauki zanen yatsunka, ka biya dala 67, in ba ka cika shekara biyar a jihar ba akwai ɗan ƙari na binciken FBI. Mai girin kad, wato katin zaman dindindin na baƙo a Amurka, zai rubuta lambarsa a fom ɗin. Doka ta ba su kwana 45, nawa bai kai wata ba ya fito, kuma shekara biyar yake yi kafin a sabunta. Nan babu wahala babu cin hanci babu je ka dawo gobe.

To yanzu ga inda aka cuce ni.

Muna gama jarabawa kowa ya gaji yana son tafiya, sai wata budurwa daga ofishinsu ta shigo da murmushi ta haska taswirar Amurka a bango, kusan duk ta yi kore shar kamar gonar rogo a damina. Ta ce duk wanda ya ƙara kuɗi ya zauna ƙarin wasu awanni za su yi masa karatun lasisin jihar Yuta, wanda ba sai kana zaune a can ba ake ba ka, kuma jiha talatin da wani abu sun yarda da shi, ta ce musamman ku direbobi. Chale ina jin musamman ku direbobi hannuna ya tafi aljihu. Ban tambayi komai ba, laifina ke nan, na ɗauka. Amma su ma akwai abubuwa da suka sani sarai suka yi gum.

Ba ƙarya ta yi ba fa, lasisin Yuta na gaske ne, ofishin binciken laifuka na jihar ke bayarwa, ba a ma yin harbi a karatunsa, shekara biyar yake yi. Fulorida ma tana ba baƙi irinsa na shekara bakwai, kuma abin dariya ma'aikatar gona ce ke bayarwa a can. Sai dai da na zo tura takardu na tarar Yuta ba ta ba mutumin jihar da ta yarda da lasisinta sai ya fara nuna na jiharsa, wato sai na Ohayo ya fito tukuna, babu wanda ya faɗa mana wannan. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne ranar da na zauna na jera taswira biyu a waya, ta inda lasisin Ohayo ke shiga da ta inda na Yuta ke shiga, na ga kusan hoto ɗaya ne, na Ohayo ma ya fi shi ƙarfi, don jihohi irin su Mishigan da Fensilbeniya da Kolorado takardar mazaunin jiha suke girmamawa, katin Yuta a hannun mutumin Kolombus ba ya yi musu komai. Wuraren da na fi kai kaya kuwa, Niyok da Niyu Jasi da Marilan, jajaye ne a taswirar farko jajaye ne a ta biyu, ba su yarda da takardar kowa ba sai tasu. Kalifoniya ma haka, Masacuset haka. Wato na sayi makulli na biyu na ƙofar da dama a buɗe take, ƙofofin da nake so kuma ko gezau. Na kira ofishin sau uku, na farko aka ce manaja ba ya nan, na biyu aka ce za a kira ni, na uku aka ce ai ka riga ka zauna a ajin. Na ce Allah ya isa na kashe waya.

Abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne muna auna abin da lasisin tuƙi. Nan Gana ka karɓi na DVLA ka tuƙa daga Kumasi zuwa Tamale zuwa Bawku babu mai ce maka komai, can ma lasisin tuƙin Ohayo yana kai ka ko'ina. Na bindiga ba haka ba ne, kowace jiha sarauniyar kanta ce, ita ke zaɓar wadda za ta yarda da takardarta, wata ta yi yarjejeniya a rubuce wata ta sa a dokarta wata ta ce babu ruwana, kuma suna canzawa, wadda ta yarda da kai bara tana iya janyewa bana. A Disambar 2017 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin da zai tilasta wa jihohi su karɓi takardar juna, ya je majalisar dattawa ya kwanta a can. Kotun ƙoli kuma a Yunin 2022 ta rushe sharaɗin Niyok na cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka lasisi, mutane suka yi ta murna a WhatsApp wai an buɗe ko'ina, alhali hukuncin bai ce Niyok ta karɓi katin Ohayo ba, cewa ya yi kawai ta daina hana mai nema saboda bai kawo dalili ba.

Bari in ɗauke ku a mota ku gani. Daga Kolombus zuwa Buronkis wajen awa tara ne, hanyar da duk ɗan zongon Ohayo ya sani don can ake zuwa suna da biki da jana'iza. Ka hau babbar hanyar I-70 kana cikin halal, ka gifta ɗan siririn yankin Wes Bajiniya wajen Wilin lafiya lau, ka shiga Fensilbeniya katinka na aiki ka yi ta tafiya awanni, sai ka zo gadar kogin Delawa a kan I-78, gadar da ba ta kai ka gama sauraron saƙon murya ɗaya ba, kana sauka ɗaya gefen ka zama mai babban laifi a Niyu Jasi. Kai ne dai, motar ce dai, katin na aljihu. A 2013 wata mata daga Filadelfiya mai 'ya'ya biyu, da lasisinta na Fensilbeniya mai kyau, ɗan sanda ya tsayar da ita a Niyu Jasi kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta ce masa akwai bindiga a jakata ga takardata, aka kama ta, ta kwana a tsare makonni, tana fuskantar ɗaurin da mafi ƙarancinsa shekara uku da rabi ne, sai da ƙasa ta ɗauka sannan aka sassauta, gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Ita 'yar ƙasa ce fa.

Mu kuwa masu girin kad namu ya fi nan. A dokar shige da fice, in kotu ta same ka da laifin bindiga wannan kaɗai ya isa a tiso ƙeyarka, ka gama zaman kaso a ɗora ka a jirgi sai Accra, shekarun da ka yi kana tara sisi da kwabo, gidan da ka fara ɗorawa a Sawaba, yaran da ke makaranta, duk a kan gada ɗaya. Wannan magana ko sau ɗaya ba a yi ta a ajin ba, ban ga laifin dattijon sosai ba don ɗalibansa 'yan ƙasa ne, amma wanda ya karɓi kuɗina ya ga sunana ya ji harshena ya kamata ya ce min wani abu. Mai bizar ziyara ko ta karatu dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a wasu 'yan togaciya, wanda ba shi da takardu kuwa ko taɓawa kar ya yi. Mai shan wiwi ma an hana shi ko da jiharsa ta halatta ta, kuma fom ɗin da ake cikewa a shagon bindiga yana tambaya, ƙarya a kansa wani laifin ne daban. Wanda kotu ta taɓa kamawa da dukan matarsa shi ma ya manta.

Akwai wata doka ta 1986 da direbobi ke yawan kawowa, wadda ta ce kana iya ratsa jihar da ba ta yarda ba in ka zare harsashi ka kulle bindigar inda hannunka ba ya kaiwa, a but, in motar ba ta da but kamar kan atikuleta to a cikin akwati mai makulli, ba aljihun gaban mota ba. Haka ne. Amma sharaɗinta inda ka taso halal ne inda za ka sauka ma halal ne, to mai zuwa Buronkis ina halal ɗin saukarsa? Kuma ratsawa ake nufi, ba yada zango ba. Akwai mutumin Yuta da jirgi ya tsere masa a Nuwak a 2005, aka ba shi jakarsa ya kwana a otal, da safe ya dawo ya bayyana bindigar da kansa aka kama shi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kwanan da ya yi da jakar a hannunsa ya fitar da shi daga inuwar dokar. Ga kuma maganar magazin, wato gidan harsashi, Niyok da Niyu Jasi ba sa yarda da mai cin harsashi sama da 10, fistol da yawa kuma da mai 15 ko 17 ake sayar da su a Ohayo.

Ko inda katin ke aiki ma dokar masu gida za ka bi. A Ohayo yanzu sai ɗan sanda ya tambaye ka kake faɗa, a Mishigan kuwa yana tsayar da kai dole ka faɗa nan take. Ni na sauƙaƙa wa kaina, ko'ina ne ina kashe mota in ɗora hannu biyu a sitiyari in faɗa tun kafin ya gama gaisuwa, baƙin mutum da dare ba ya wasa da wannan. Gidan waya haramun ne ko'ina. Masallaci da coci a Ohayo ba a shiga da ita sai masu wurin sun yarda. Mai jan motar kamfani kuma ya karanta takardar aikinsa, da yawansu sun hana, su kore ka ko doka ba ta kama ka ba.

Af, kawuna ma ya tambaye ni shekaranjiya ko na zo da bindigar. Na ce kawu rufa min asiri. Katin nan a Gana bai kai katin rijistar asibiti ba, nan 'yan sanda ke yi wa bindiga rijista kuma duk shekara ake sabuntawa, wanda ya cusa ta a durom ko cikin motar da ya auno tashar jirgin ruwa ta Tema ya jawo wa kansa da wanda ya je karɓa.

In maki zan bayar, dattijon biyar cikin biyar, filin harbin huɗu don iskar ciki ba ta fita sosai na dawo gida ina warin albarushi, ofishin ɗaya, shi ma don sun ba ni rasit. Mazaunin Ohayo ya je ya yi awa takwas ɗin, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba ko da bai taɓa sayen bindiga ba, amma budurwar taswira tana shigowa ya ɗauki jakarsa. Mai son sanin inda katinsa ke shiga ya duba shafin babban lauyan gwamnatin jihar da zai je ko na 'yan sandanta, ranar da zai tafi, ba taswirar mai talla ba.

Shi kuma yaron pragya na ce ya gaya wa wansa, tunda a Buronkis yake zaune babu Ohayo babu Yuta da za su yi masa rana, wajen 'yan sandan birnin Niyok zai nema, kuɗin fom kaɗai dala 340 ban da na yatsu, karatun awa 16 a aji da awa 2 na harbi, da jira mai tsawo, in ya samu ma ba zai shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ita ba, shi da kullum a ciki yake zuwa aiki. Yaron ya yi lissafin dala 340 a sidi a wayarsa ya ce kai yaya, ya ja pragyarsa ya tafi.

Ni dai yanzu duk lodin da zai ƙetare kogin Delawa a gida nake barin bindigar cikin akwatin ƙarfe, in koma wa tocila da sifana. Katin Yuta yana nan a walat bayan Ghana Card ɗina, ɗazu ƙanwata ta gan shi ta ce yaya wannan na wane banki ne.